Na Ce Wa Babana Ana Zuwa Ɗaukarsa

A wancan lokaci ina aure a wani ƙauye kusa da Gurbin Bore, da 'ya'ya uku, mahaifina kuma yana zaune tare da mu tun da ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa. Ni mace ce mai son tsari, har ana tsokanata wai da namiji ce ni da tuni na zama mai unguwa. Da 'yan bindiga suka fara shiga ƙauyukan da ke kewaye da mu, tsoro ya hana ni sakat, sai na zauna na tsara yadda za mu gudu. Na ƙulla gari da 'yan tufafi na rataye bayan ƙofa. Na raba wa kowa aikinsa: ni in goya ƙaramar in ja manyan biyu, maigida ya ɗauki Baba a babur, mu haɗu gidan yayata a Zurmi. Na kafa doka cewa wanda ya fita kada ya juyo neman wani. Wallahi daga ranar hankalina ya kwanta.

Wata rana da hantsi 'yan bindigar suka zo, ina tankaɗe. Ina jin harbi na suri goyo da ƙulli, na ja yara. Ta ƙofar ɗakin Baba na bi, ya tambaye ni me ke faruwa, na ce ya zauna, maigida na zuwa ɗaukarsa. Ya amsa da to, ya sa mini albarka. Sai da muka yi nisa cikin gonaki na tuna ranar kasuwar Shinkafi ce, maigida ya tafi da babur ɗin tun da safe. Babbar 'yata ta yi ta kuka mu koma, na daka mata tsawa na tuna mata doka. Gaskiya tsoro ne ya hana ni, dokar abin fakewa ce kawai. Sun cinna wa unguwarmu wuta. Bayan kwana biyu maza suka koma suka yi wa Baba sutura.

Ban ce shiri laifi ba ne, shi ya fitar da 'ya'yana da rai. Amma na tsara gudun ranar da kowa ke gida, 'yan bindiga kuwa ba sa tambayar wa ke nan. Na riƙe tsarina har na daina duba abin da ke gabana. 'Yan'uwa, in kun shirya, ku tambayi kanku wa zai ɗauki marar ƙafa idan mai ɗaukarsa ba ya nan, kuma kada ku ce wa tsoho ana zuwa sai kun ga mai zuwan da idonku. Nawa ya yarda da ni, ya zauna yana jira.