Geron da Muka Ce Ƙwari Sun Ci

Gidan tarihinmu ɗakuna ne na ƙasa da rumbu guda a tsakar gida, a bakin hanyar Kunci. Ni ce mai zagayawa da baƙi, don Allah ya hore mini baki. Inna mai ginin tukwane takan ce ko kurma aka kawo sai na ba shi labarin ƙwarya da faifai. Sai Baba magini, mai yaɓen bango da gyaran jinka, mutum mai kunya kamar sabon suruki.

A rumbun muke ajiye damman geron kakanni, mai gajeriyar zangarniya da saurin nuna. Duk kaka sai mu sauke tsoho mu sa sabo, don ƙwari ba ruwansu da tarihi.

A shekarun da fari ya yi ta bin fari, gero ya gagari talaka a kasuwar Dawanau. Ran da ruwan shuka ya sauka, kowa ya fita da sungumi, amma Baba ya zo yana yaɓe bangon da ya yaɓe jiya. Inna ta ja ni gefe.

"'Yar nan, ba ki lura ba? Iyalinsa sun cinye iri. Kuma ko zai mutu ba zai roƙa ba."

Hankalina ya tashi, don wanda shuka ta wuce shi, shekara ce ta wuce shi. In kuwa muka ce ga sadaka, mun rabu da shi ke nan.

Inna ta leƙa rumbu, ta rafka salati, ta ƙwala wa Baba kira. "Malam, zo ka ga ta'asa! Ƙwari sun gama da geron nan."

Baba ya hau, ya murza zangarniya a tafin hannu. Ƙwaya tas, ko huda babu. Ya dube mu. Na ɗaure fuska na ce, "Baba, in bai fita yau ba, gobe tabarminmu za su shiga."

"To, ina zan kai shi?"

"Binnewa za ka yi," in ji Inna. "A gonarka, kaɗan-kaɗan, kada su taru wuri guda."

Na ruga ɗakin tukwane na toshe baki, dariya har da hawaye.

Duk daminar rumbu ya zauna wayam. In baƙi suka leƙa, sai in ce su kalla da kyau, haka rumbu yake a shekarar yunwa. Ban taɓa faɗin tarihin da ya kai wannan gaskiya ba.

Da kaka sai ga Baba da jaki, damma sun rufe shi har kunne. Inna ta rangaɗa guɗa, ni ko na rasa inda zan sa kaina don murna. Ya cika rumbu ya mayar da jinka. Ya sauko yana kakkaɓe riga, idonsa a ƙasa.

"Ƙwarin nan naku guda biyu," ya ce, "Allah ya yi musu albarka."