Makunnin da Hannun Inna Ba Ya Kaiwa

Har yau, in na ji ana sassaƙar bango da guduma, hankalina gidanmu na ƙauye yake komawa, can bayan Zakirai, inda gonakin gero suke zuwa har bakin danga.

A gidan nan, bangon makewayi ne ginin bulo na farko. Baba ya gina shi wata shekara da gyaɗa ta yi kyau, saboda Kaka, mahaifiyarsa, ta samu abin dafawa in za ta miƙe. Ni ce mai kai mata ruwan wanka. Da hantsi Inna za ta ɗora tukunya a wutar karan dawa, ni in sirka, in ɗauka ina tangaɗi. Kaka ta zauna a kujera 'yar tsugunno ta ba ni baya, in cuɗa mata da soson da muke tsinka a jikin danga. Ruwan yana warin hayaƙi, sabulun salo yana narkewa a hannuna. In na dage da ƙarfi sai ta ce, "Ke, fata ce fa, ba ƙwarya kike kankarewa ba." Daga nan ta fito rana, in shafa mata man kaɗe a ƙafa, matan baffannina suna daka suna tsokanarta. A lokacin ban san wankan nan rabinsa hira ne ba.

Kaka ta rasu, Baba ya bi ta, Allah Ya jiƙansu. Aure da neman abinci suka watsa mu. Aka bar Inna ita kaɗai a tsakar gidan da a da ba ka samun wurin shimfiɗa tabarma. Matar ɗan baffanmu ce take leƙowa kullum da hantsi, ta ja mata ruwa a rijiya, ta cuɗa mata baya, su ɗan taɓa hira.

Bara ƙanena ya sa aka yi mata burtsatse da tanki, ya ce a gyara makewayin a sa shawa. Ni aka tura daga unguwarmu ta Rijiyar Zaki in tsaya a kan aikin. Ranar da na isa, matar ɗan baffan nan ta tare ni da murna, ta ce, "Yaya, Allah Ya saka. Inna ta huta, ni ma na huta da jan guga." Da zuciya ɗaya ta faɗa. Inna tana zaune tana jan carbi.

Mai aikin famfo ya ce, "Hajiya, nuna min inda za a sa makunni. In na sassaƙe bango na binne bututu, aka shafe da siminti aka manna tayil, sai dai a fasa." Na zauna a tsohuwar kujerar Kaka, na miƙa hannu kamar yadda tsohuwa za ta miƙa, na yi alama da gawayi can ƙasa. Har ina jin daɗin dabarata.

Sai ga Inna tana dogara sanda. Ta dubi alamar ta ce, "Ɗan nan, ɗaga shi sama."

Ya yi dariya. "Haba Iya, a zaune fa kike wanka. So kike a ce mai famfo ba shi da ido?"

"Idonka ƙalau. Ɗaga shi."

Na ce, "Inna, hannunki ba zai kai ba."

Ni ce 'yar farinta. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma taɓa cewa tana kewata ba. Ranar ma ba ni ta kalla ba, bangon Baba ta kalla. A hankali ta ce, "In hannuna ya kai, wa kuma zai shigo?"

Na sa tafin hannu na goge gawayin, na miƙe tsaye na yi sabuwar alama daidai kafaɗata. Mai famfo ya kalle ni, ya kalli Inna, ya ɗauki gudumarsa. Ƙurar bulon Baba ta yi ta zubowa a kan ƙafafuna. Ya binne bututun, ya saki ruwa ya ga babu yoyo, sannan aka shafe. Ni na fara kunna mata. Na cuɗa mata baya, na tarar ya ƙanƙance fiye da na Kaka da nake tunawa.

Har yanzu ƙanena yana mita a waya, wai mai famfo ya ɓata aiki. Ban gaya masa dalili ba.

A gidana makunni yana daidai hannuna. Yara su tafi makaranta, maigida ya tafi kasuwa, in kunna da kaina, in kashe da kaina, ruwa ya zo ba tare da sallamar kowa ba. Kullum da hantsi nakan kira wayar Inna. In ta ɗauka a bugun farko, gabana faɗuwa yake yi. In ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, sai in ajiye in ce alhamdu lillahi. Tana makewayi ke nan, kuma wani ya shigo.