Waken Amarya da Famfon Nasara

Shekara uku na yi a lakwal, makarantar boko. A ta huɗun mushe, wato malaminmu, ya ce kaina ya cika, kada a ƙara masa ya tsage. Da wannan ilimi mai nauyi na samu aikin palanto a buro, ofishin kumandan na Dogon Dutsi, wato ɗan aike mai kaki: in kai takarda, in kawo takarda, in tsaya bakin ƙofa in gaya wa talakawa Nasara yana barci.

A shekarun ƙarshe na mulkin Faransa aka haƙa wata rijiya mai zurfin da igiya ba ta kai ba, aka ɗora tanki bisa ƙafafun ƙarfe, aka ja bututu zuwa bariki da ƴan gidajen ma'aikata da ke bayan gari. Gidana ne na ƙarshe, inda bututun ya gaji ya tsaya. Famfo a ƙofar gida. Ka murɗa ruwa ya zubo, ba guga ba igiya. Mutanen cikin gari sukan zo kallo, ni kuma in sa hular aiki in murɗa musu, kamar ubana ya ƙera shi.

Cikin wannan ɗaukaka na yi aure. Matata ƴar Gecheme ce, inda ruwa ke kusa kuma yake da daɗi. A wurinmu amarya ba ta taɓa murhu sai ta kwana bakwai. Ran nan uwar miji kan aiko da wake da itace da tulun ruwa, amarya ta dafa a raba wa dangi da maƙwabta. Wannan girki shi ne jarrabawarta, kuma abin da baki ya faɗa ranar ba ya goguwa. Inna, mahaifiyata, tana zaune a tsohon gari gindin dutse. Ta aiko da komai, har da tulu daga tsohuwar rijiyar unguwarsu. Na dubi tulun, na dubi famfona, na ce matar ma'aikaci ba za ta fara girki da ruwan da guga ɗari suka yi wanka a cikinsa ba. Na juye shi gindin dogon-yaron da na dasa. Itacen dai ya gode, har yau yana nan.

Tun hantsi amarya ta ɗora wake da ruwan famfo. Azahar ta yi, ta ciro ƙwaya ta matsa, ƙwaya ta yi tsalle. Ta jefa kanwa. La'asar ta yi, ta ƙara kanwa, ta ƙara itace. Romo ya yi baƙi ya yi ɗaci, waken kuwa yana nan da ransa, yana kaɗa tukunya kamar tsakuwa cikin gwangwani. Dole aka raba haka nan, don masu kwanoni sun gaji da tsayuwa. Wani kawuna ya bar haƙori ɗaya a kwanon. Gaskiya haƙorin dama yana neman hanya, amma amarya aka ɗora wa.

Inna ta tauna sau ɗaya ta tofar. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi faɗa ta yi. Ta ce a hankali, "Mutanen Gecheme sun ba mu ɗiya kyakkyawa. Allah ya sa kyau ana cin shi."

Daga nan sai abu ya bi abu. Sabuni ya ƙi kumfa. Matata ta wanke mini kaki, ya bushe ya sandare da fararen zane-zane, in na tuɓe shi sai ya tsaya da ƙafafunsa, ya fi ni kama da ma'aikaci. Furar da ta dama ta yi ɗanɗanon ƙusa. Hannuwanta suka tsattsage, gashinta ya riƙa zuba a tsefe. Butar shayi ta yi farin ɓawo a ciki, mai kaurin farce. Cikin wata biyu labari ya kai kasuwa: matar palanto ba ta iya girki ba, ba ta iya wanki ba, kuma duk abin da ta taɓa sai ya yi fari.

Inna ta kawo wata ƴar bori. Matar ta leƙa cikin buta, ta girgiza kai, ta ce farar doguwa ce ta biyo amarya daga garinsu, wannan farin sawunta ne, sai an ba ta farar akuya. Ni da na yi karatu na yi tari na ce ba doguwa ba ce, kalker ne, haka na ji makanikin tanki ya faɗa.

Ƴar bori ta ce, "Shi kuma wane iska ne? Mi yake ci?"

Na ce ba ya cin komai, farin dutse ne da ke narkewa cikin ruwa.

Inna ta ce, "Dutse ya narke. Shekara uku munka yi muna kai ka lakwal don ka zo muna da wagga magana."

A nan ya kamata in ƙarasa gaskiya, amma na haɗiye ta. Domin ni kaɗai na san cewa kumandan, wanda ya ja mana bututun, bai taɓa kai ruwan nan bakinsa ba. Kowace safiya jaki kan ɗauko masa ruwa daga tsohuwar rijiyar unguwar Inna, a tafasa, a tace, a yi masa kofi, a wanke masa riguna. Ni nake sallamar mai jakin. In na faɗi haka, famfona ya zama abin dariya, ni ma haka. Sai na auna mutuncin famfo da na matata, na ga famfo ya riga ta zuwa gidan.

Ba a daɗe ba gwaggonta ta iso daga Gecheme, wata ƴar gajeriyar tsohuwa mai sanyin murya. Ta tarar da ɗiyarsu ta ɗaure kaya. Matata ta ce in ba a wanke mata suna ba, ƙafarta ƙafar gwaggo. Tsohuwar ta nemi ruwa, ta kurɓa, ta riƙe shi a baki kamar mai tunanin lahira, ta haɗiye. Ta sa aka kira Inna, ta durƙusa har ƙasa.

Ta ce, "Yaya, laihinmu ne, ba mu koya mata ba. Duk Arewa an san hannunki a wake. Ki taimaka ki dahwa a nan, kan murhunta, tana kallo, ko ta ɗauki wani abu."

Wa zai ƙi irin wannan roƙo? Inna ta ɗaura zane, maƙwabta suka taru kallon gwaninta. Ni da kaina na murɗa mata famfo. Ta ɗora tun hantsi. Sauran kun sani. Da la'asar Inna tana zufa, tana zagin itace, tana zagin tukunya, tana zagin wanda ya noma waken, alhali daga rumbunta ya fito. Gwaggo kuwa tana gefe tana taunar goro, jifa-jifa ta ce, "Ki duba da kyau, ɗiyata, haka manya ke yi."

Inna ta ciro ƙwaya ta matsa, ƙwaya ta yi tsalle. Sai ta juyo kaina.

"Tulun da na aiko ranar bakwai, ina ya tahi?"

Na nuna dogon-yaro. Tunda ruwa ya ƙare wa ɗan kada, na haɗa da labarin jakin kumandan. Matata ta dube ni, irin duban da ake yi wa kazar da ta shiga shanya. Ta ce, "Ashe ka sani, Mushe." Daga ranar sunan ya bi ni, kuma ba don girmamawa ba.

Inna ba ta ba da haƙuri da baki ba, ba a san iyayenmu da haka ba. Washegari ta aiko da sabon tulu da sabon wake, ta kira duk wanda ya ci na farko. Kafin azahar wake ya yi lugub. Kawuna mai giɓi ya ci kwano biyu.

Matata ta kwance kaya, amma da sharaɗi: ruwan girki da na sha daga rijiya za su zo, kuma ba ita za ta ɗauko ba. Don haka kowace asuba akan ga palanton kumandan cikin kakinsa yana bin jakin kumandan da tulu a kafaɗa, matan bakin rijiya suna gaishe shi da Faransanci. Famfon muka bar wa wankin ƙafa da baƙi masu son kallo.

Nasara sun tafi, bututun ya yi tsatsa, butar mai farin ɓawo tana rataye a ɗakin matata. Har yanzu in na fara yi wa baƙi bayanin abin da ban sani ba, sai ta sauko da butar ta ajiye a gabana, ta koma aikinta.