Baƙin Labulen Kawu Tsaya-Haka

Jama'a a gyara zama, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Ga Sarkin Haske, ga Dodon Inuwa, mutumin da in ya ce wa ƙuda kada ya motsa sai ya daskare a iska: Kawu Tsaya-Haka, mai hoto. Shagonsa na nan maƙale tsakanin na tela da na mai aski, shekara talatin ke nan. Sunan kuwa daga bakinsa ya fito, don ko gaisuwa ka tsaya yi da shi, sai ya karkata maka haɓa da yatsa ya ce, "Tsaya haka."

Abin da ya ɗaga shi a unguwa ɗaya ne: hotonsa na fito da mutum fes. Ka shiga da fuskar wanda ya kwana uku bai ga ruwa ba, ka fito a takarda kana sheƙi kamar an goge ka da mai. Mata kan ce hannunsa ne. Shi ma haka yake cewa.

Kafin ya ɗauki hoto sai ya auna haske. Ya fita ƙofa, ya kanne ido ɗaya ya hararo rana, ya lasa yatsa ya ɗaga sama, kai ka ce haske iska ne. Sannan ya dawo wurin wata ƙatuwar kyamara mai ƙafa uku, ya lulluɓe kansa har da kyamarar da baƙin ƙyalle, ya yi ta murɗe-murɗe yana ƙunƙuni da lambobi.

"Yaran yanzu me suka sani?" in ji shi. "Otomatik! Ka bar inji ya yi maka tunani, kai kuma ka ci abinci?"

To, ga abin da ke ƙarƙashin ƙyallen. Ƙatuwar kyamarar ta mutu tun shekara tara da suka wuce. Kawu ya kwashe kayan cikinta, ya cusa wata 'yar mitsitsiya da 'yarsa ta kawo masa tsaraba, wadda ba ta fi sabulun wanka girma ba. Ya juya maɓallinta kan koriyar alamar nan ta otomatik, ya danne da salatif don kada ma ta yi kuskuren gocewa. Duk murɗe-murɗen nan, marfin kwalba yake juyawa.

Ita kuwa 'yar kyamarar akwai ta da shisshigi. A ganinta komai na duniya ya kamata ya zama ruwan toka. Ta ga duhu ya yi yawa, sai ta ware ido ta ƙara haske. Ta ga fari ya yi yawa, sai ta runtse. Labulen da ke bayan kujerar shagon baƙi ne wuluk, rabi rini rabi dauɗa, saboda haka kullum idonta a ware yake, fuskar kowa na shan haske. Hannun Kawu ke nan. Shi bai sani ba.

Matarsa ta daɗe da tsanar labulen. Ta ce warinsa na bin sa har gida. Ranar da ya tafi cire haƙori, ta karɓi makulli wai za ta yi shara, ta yaye labulen ta miƙa wa motar shara, ta sa tela ya rataya sabo, fari ƙal.

Kawu ya dawo da kumburarren kunci, ya tarar da farin labule, bai gama salati ba sai ga hedimasta, cikin kwat ruwan toka. Zai yi ritaya, jibi za a rataya hotonsa a zauren makaranta kusa da na magabatansa, kuma ya rantse ba wanda zai ɗauke shi sai Tsaya-Haka. Tela da mai aski suka bar aikinsu suka zo kallo.

Aka lasa yatsa, aka harari rana, aka shiga ƙyalle. "Tsaya haka, Malam." Ƙyas.

Kawu ya duba ɗan allon kyamarar. Ga wuyan riga, ga idanu biyu, ga haƙora. Sauran hedimasta kuwa kamar gindin tukunya.

"Yaya, Maigida?" in ji hedimasta. "Na fito?"

"Kana hanya."

Ya sake. Gindin tukunya. Ya shiga latsa maɓallan da bai taɓa latsawa ba tun da aka ba shi ita. Kyamarar ta fara ƙirga daƙiƙa goma tana tsuwa kamar ɗan tsako, sannan ta ɗauki hedimasta yana sosa hanci.

"Kaza kake kiwo a ciki?" in ji mai aski.

"Haske ne yau ba shi da ladabi," in ji Kawu daga cikin ƙyalle, gumi na ɗiga ta gemunsa.

Nan ya tsaya ya yi lissafi. Rana ita ce ta jiya. Kujera ita ce. Yatsan da ya lasa ma shi ne. Abu ɗaya ne ya canja. Ya leƙo ya dubi farin labulen, ya dubi shagon kaf: babu wani baƙin abu mai faɗi sai wanda ke kansa. In ya cire, asirin shekara tara ya tonu a gaban mai aski, wanda bakinsa ya fi almakashinsa sauri. In bai cire ba, jibi yara ɗari biyar za su taru suna nuna gindin tukunya, a ƙasa an buga hatimin Tsaya-Haka.

Ya yaye ƙyallen.

"Kai riƙe nan, kai riƙe can. Ku ɗaga bayan kansa. Ku tsaya haka!"

Tela da mai aski suka riƙe, idanunsu na kan 'yar sabulun da ke zaune cikin gawar kyamara, naɗe da salatif. Ƙyas. Hedimasta ya fito fes, har da wani annuri da matarsa ma ba ta san shi da shi ba. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce, "Hannu dai hannu ne."

Bayan ya tafi, Kawu ya tsaya yana jiran a fara yanka shi da baki. Mai aski ya naɗe ƙyallen ya miƙa masa.

"Ashe 'yar kyamarar ja ce. Ni na ce wa tela baƙa ce."

"Kun sani?"

"Haba Maigida. Bango ɗaya ne tsakaninmu. Kullum da safe in ka kunna ta sai ta yi 'yar waƙarta."

Washegari tela ya ɗinka baƙin labule. Kawu ya koma cikin ƙyallensa, yana lasar yatsa, yana zagin otomatik, maƙwabta kuwa suna yi kamar ba su ga komai ba.

Ni dai da na ji labarin, na je na tsaya a ƙofar shagon na zuba masa ilimi. Na ce Kawu, kyamarar nan tana da wani maɓalli mai alamar tarawa da ɗebewa, danna biyu kawai, ko bayan mutum farar takarda ce sai ya fito. Na yi bayanin ruwan toka, na yi na runtse ido, har da nuni da hannu.

Ya bar ni na gama tsaf, yana goge marfin kwalbarsa da bakin riga.

"Ka gama? To matsa, ka tare min haske."