Wutar da Ba Ta Yanke wa Ƙwai

Shekara ashirin da uku Goggo ta yi tana goge daɓen ɗakin jarirai a asibiti. Aikinta bokiti ne da tsumma, amma idonta kullum yana kan kwalaben da ake sa bakwaini. Takan tsaya da sandar gogewa a hannu tana kallon ɗan ƙirji yana hawa yana sauka, har sai wata nas ta taɓa ta ta ce, "Goggo, dawo duniya." Da ta yi ritaya, sai ta sayi injin ƙyanƙyasa mai cin ƙwai ɗari da ashirin, ta ajiye shi a lungun da ke tsakanin kicin da banɗaki. Unguwa ta sa mata Goggon 'Yan Tsaki, ko da yake ba wanda ya taɓa jin ta ja tsaki.

Mijinta tsohon direban bas ne, gwiwa ta zaunar da shi. Yakan ce shi ya auri mace, tsufa ya mayar masa da ita kaza.

Mitar gidan ta kati ce. Goggo takan sayo wuta kaɗan-kaɗan, ta danna lambobin da ɗan yatsa ɗaya tana karantawa a fili. In wutar ta kusa ƙarewa sai mitar ta fara ƙara, ita kuma ta yafa gyale ta fita. Haka ta fitar da zubi huɗu lafiya.

A zubi na biyar, ranar da ƙwan suka cika kwana goma sha takwas, ta raka Direba asibiti a duba masa gwiwa. Layi ya yi tsawo, likita ya makara. Mitar ta yi ta ƙara a gidan da ba kowa, har ta gaji ta yanke. Da suka dawo da yamma, rediyon maƙwabta na tashi, gidansu kuwa shiru. Goggo ta sa tafin hannu a kan gilashin injin, ta ji shi sanyi kamar randa. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki ƙwai ɗaya ta kara a kunne, ba motsi; zubin duka ya tafi.

"Maman yara," in ji Direba, "laifin gwiwata ne."

"Gwiwarka ba ta san lissafin kwana ba, Malam. Zauna."

Bayan kwana biyu ta tafi ofishin wuta. Wata yarinya mai tabarau ce a kan tebur, da fanka tana kaɗa mata takardu.

"'Yata, so nake a daina yanke mini wuta ina tsakiyar abu."

"To Mama, sai dai a mayar da ke biyan wata-wata. Ki sha wuta tukuna, ƙarshen wata takarda ta zo. Amma fa wannan mitar ba ta gargaɗi. Wasu sai sun ga takardar suke riƙe kai."

"Ni na riga na riƙe nawa. Rubuta."

Aka karɓi ɗan kuɗin ajiya, aka ba ta rana. Ma'aikaci ya zo da tsani ya canja mitar, ya tafi ya bar musu wata mai lambobi da ke juyawa a hankali ba tare da ko uffan ba. A ranar Goggo ta zuba sababbin ƙwai a injin.

Shirun nan ya fi damun Goggo a makon farko. Sai ta riƙa ganin kamar wutar ruwa ce da ke malala a cikin bango, tana bi ta bayan kabad, tana zuba a wani wuri da ba ta gani. Kowace safiya, bayan ta juya ƙwai, takan hau kujera ta karanto lambobin, Direba ya rubuta a bayan kalanda. Cikin kwana goma suka gane masu cin wutar. Ba injin ba ne, shi ɗan kaɗan yake lasa. Butar lantarkin Direba ce, mai tafasa shayi sau biyar a wuni, da dutsen guga da ake kunnawa don riga ɗaya, da tsohon firjin da ƙofarsa ba ta rufuwa sai an tokare da kujera.

Aka sayi fulas, shayi ya koma tafasa ɗaya. Guga ta koma ranar Asabar. Aka sa wa firji sabuwar roba. Goggo ta janye injin daga bakin iska, ta lulluɓe bayansa da tsohon bargo. Da ta ce a canja ƙwan fitilun gidan zuwa marasa cin wuta, Direba ya ce, "Waɗannan ma kwanci za ki yi musu?"

Da rana, in gida ya yi tsit, takan jawo kujera ta zauna kusa da injin. Ɗumi na fitowa ta gilashi, ƙarar fankarsa siririya kamar numfashin mai barci. Takan lumshe ido ta ga dogon ɗakin nan na asibiti, da kwalabe a jere, da jariran da yanzu sun zama manyan mutane suna tuƙa motoci a wani gari, ba su san ta ba. A rana ta ashirin da ɗaya ta ji ƙwas, ta buɗe ido, ga ɗan baki ya huda ɓawo. Tsaki ɗari da huɗu suka fito, jiƙaƙƙu, suna tangaɗi.

Takardar ta iso bayan mako guda. Goggo ta ajiye ta a kan tebur ba ta buɗe ba, sai da Direba ya nemo tabaransa. Ya karanta, ya duba bayan kalanda, ya sake karantawa.

"Ta ɗan ɗara abin da muka zata," ya ce. "Akwai wani kuɗin tsaye da suke ɗorawa, ko ka kunna ko ba ka kunna ba."

"Za mu iya?"

"Tsaki ashirin sun biya."

Da la'asar maƙwabciyarsu, matar mai gyaran takalma, ta shigo da kwando a rufe da zane, ta ce ƙwan agwagwa ne, uwar ta tashi ta bar su, ko Goggo za ta karɓa? Sai dai sun fi na kaza daɗewa sosai.

Goggo ta ɗaga ɗaya wajen taga, ta ga jijiyoyi ja siri-siri a ciki.

"Da rai," ta ce. "Miƙo sauran a hankali."