Taubashina Bai Rama Ba

Daren jiya wani mafarki ya zo mini, har yanzu jikina bai sake ni ba. Ba ni da kowa a garin nan da zan faɗa wa, shi ya sa na kawo muku.

Na gan ni a hanyar ƙauyenmu, zan je ɗauko Inna, mahaifiyata, wadda ta ƙi biyo mu lokacin da muka gudo. A bakin rafi sai ga Lado a kan babur, bindiga a cinya. Lado ɗan kawuna ne, taubashina, ya daɗe da shiga daji. Allah ya sani ban yafe masa ba. Amma ko a dajin bai daina wasa da ni ba. In ya bugo waya sai ya ce, "Ke mummuna, Gwaggo na nan lafiya, ba mai taɓa ta." Da wannan maganar kaɗai nake samun barci.

Sai na yi masa irin ta kullum. Na ce, "Kai bawana, ɓarawon awaki, matsa in wuce!" Na tsaya ina jiran ya rama.

Bai rama ba. Waiwayawa ya yi.

Sai kawai na ga wasu dogayen mutane a bayansa, sun rufe fuska da rawani, ba 'yan yankinmu ba. Wai daga ƙetaren iyaka suka zo, yanzu tafiyarsu ɗaya da su Lado. Ɗaya ya yi magana da wani yare, wani ya fassara: an hana wasa tsakanin mace da namiji. Lado, mai bakin da ko kawu bai iya da shi ba, ya sunkuyar da kai.

Sai kawai rafin ya zama tsakar gidanmu. Ga turmi, ga igiyar shanya, ba kowa. Ina jin tarin Inna a ɗaki, ina ta kewayawa, ɗakin ba ƙofa. Na ce, "Lado, don zumunci!" Ya buɗe baki, amma yaren baƙin nan ne ya fito.

A nan na farka, ni kaɗai, ina kuka. Gari na wayewa na kira shi. Ya ɗauka, na ji muryoyi a kusa da shi. Ya ce, "Malama, lafiya?" Ya kashe.

Tun da uwata ta haife ni Lado bai taɓa ce mini Malama ba.

Don Allah masu sanin fassara, me wannan mafarkin ke nufi? Har yanzu Lado na da ta cewa a kan ran Inna, ko in kama hanya yau?