Agogon Ladan da Rijiyar Inna

Ko daga barci aka tashe ni, zan tuna ranar da na sa rana ta yi shaidar zur a wani ƙauye tsakanin Gwarzo da Kabo.

Farkon shekarun Shari'a ne, ina aikin safiyo, wato awon filaye. Alƙali ya tura ni in raba iyakar wata tsohuwa da maƙwabcinta. Rigimar duk a kan rijiyar da take ban ruwan albasarta ce. Tsohuwar takardar filin ta faɗi inda layin ya dosa daga dutsen iyaka, nawa kawai in gano arewa.

Kamfas ɗin ofishinmu mai nuna arewa ya mutu tun zamanin tsuke bakin aljihu, ba a sake saye ba. Na ce ba komai, zan auna rana da na'urata mai ƙafa uku, in haɗa da lokaci, lissafi ya ba ni arewa. Sai dai agogona ya tsaya. Na duba taron 'yan kallo, na zaɓi agogon ladan. Wa ya fi ladan sanin lokaci?

Har da jawabi na yi musu, ina hura hanci: "Jama'a, rana ba ta karɓar toshiya."

Lissafi ya jefa rijiya cikin gonar maƙwabci. Tsohuwar ta ce, "Ɗan nan, marigayi maigidana ne fa ya haƙa ta da hannunsa."

"Inna, ba ni na faɗa ba, ilimi ne."

Alƙali ya zartar, maƙwabci ya kewaye rijiya da ƙaya.

Bayan mako uku na haɗu da ladan a kasuwar Kabo, na tambaye shi lokaci.

"Sha biyu da kwata, Malam, wato sha biyu ke nan."

"Kamar yaya?"

"Ai gaba nake sa shi, don in samu na alwala. Duk gari an sani."

Ban tsaya ba, na koma ƙauyen. Na sake awo da lokacin rediyo, layi ya koma inda tsohuwa ta nuna tun farko. Na je gaban alƙali na ƙaryata kaina, aka mayar mata da rijiya. Albasa kuwa ta riga ta ƙone ƙurmus.

Da na je ba ta haƙuri, ba ta zage ni ba. Cewa ta yi, "Sannu da ilimi." Har yau abin yana ci mini rai.

Tun daga ranar, kafin in ɗaga kai in tambayi sama, sai na fara sauraron wanda ke tsaye a kan filin.